Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnatin Jihar Jigawa da hukumar NBMA kan itatuwan da ake sauya wa halitta don su riƙa ba da sinadaran masana'antu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Gwamna, masu girma 'yan majalisar dokokin jiha, kwamishinonin muhalli da na noma, da shugabannin hukumar NBMA da ke Abuja wadda doka ta ɗora wa alhakin sa ido a kan duk wani iri ko tsiro da aka taɓa ƙwayoyin halittarsa, ina gaishe ku gaisuwa ta girmamawa. Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke wuyanku.

Ni malamin makaranta ne, kimiyyar noma nake koyarwa a wata sakandare, kuma manomi ne ɗan manomi a arewacin masarautar Gumel. Da yawun mutanen da muke zaune tare da su nake wannan rubutu, wato masu ɗiban ƙaro, da iyayenmu mata masu tsintar bagaruwa da aduwa da 'ya'yan darbejiya, da masu ɗaura amya, da matasa masu renon dashe, da 'yan uwanmu Fulani da ke bi ta burtalinmu da dabbobinsu. Duk waɗannan mutane a jikin itace abincinsu yake, amma in ana maganar makomar itace su ne na ƙarshen ji, wani lokacin ma ba sa ji sam sai abu ya riga ya faru.

Abin da ya sa na rubuto shi ne duniya ta yi nisa a wani aiki da ya shafi itatuwa kai tsaye, mu kuma a nan shiru kake ji, ba a rediyo ba, ba a bakin malaman gona ba, ba a taron masu unguwanni ba. Bari in ɗan yi bayanin aikin don wanda bai taɓa jin labarinsa ba, saboda na san wannan wasiƙa za ta shiga hannun mutane da yawa.

Kusan duk robar da muke amfani da ita, leda da bokiti da fenti da gam, har farasitamol ɗin da muke sha in kai yana ciwo, asalin sinadaransu daga ɗanyen mai ko kwal ake tatso su. Shi kuwa mai in an haƙo an yi amfani da shi to ya tafi kenan. Shi ya sa masana suka juya wajen itace, don itace in ka sare za ka dasa wani, wani ma kututturen ne zai sake tofowa da kansa. A jikin kowane itace akwai wani sinadari da ake kira liginin, shi ne yake riƙe zaren itacen ya ba shi tauri kamar yadda siminti yake riƙe bulo, kuma yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na busasshen itace. Masana'antun takarda sun daɗe suna fama da shi, sai sun dafa itace da sinadarai masu ƙarfi kafin su raba shi da zaren, sannan mafi yawansa ƙone shi suke yi su samu wutar aiki. Alhali a cikinsa akwai dangin sinadaran nan masu tsada da ake nema a man fetur. Wani kamfani a ƙasar Norwe mai suna Borregaard ya shekara da shekaru yana fitar da sinadarin ƙamshin banila daga liginin, irin wanda ake sa wa biskit da kek.

To sai masana suka ce maimakon a yi ta kokawa da itacen a masana'anta, me zai hana a gyara shi tun daga ƙwayar halittarsa. A 2014 Farfesa John Ralph na jami'ar Wisconsin a Amurka shi da abokan aikinsa suka fitar da itacen fofla, wani itacen ƙasashen sanyi, da aka sa wa ƙwayar halitta daga wani tsiron magani na ƙasar Sin, don liginin ɗinsa ya riƙa warwarewa cikin sauƙi. A 2019 suka samu takardar mallaka a kan hanyar haɗa farasitamol daga wani sinadari da ke manne da liginin na fofla, wanda kuma ana samunsa a wasu itatuwan dangin kwakwa. A 2023 masana a jami'ar jihar North Carolina suka yi amfani da fasahar CRISPR ta gyaran ƙwayar halitta suka rage liginin na wasu fofla da kusan rabi. A 2025 kuma cibiyar bincike ta Brookhaven ta sanar da fofla da aka sa wa ƙwayoyin halitta na wasu ƙananan halittun cikin ƙasa, itacen da kansa yake haɗa wani sinadari mai suna PDC da ake iya yin roba mai ruɓewa da shi. Wannan na ƙarshen a ɗakin reno aka gwada shi, bai kai ga gona ba tukuna. Amma kar a ɗauka duk abin a ɗakin gwaji ya tsaya, ƙasar Sin ta ba da izinin dasa fofla mai kashe tsutsa tun 2002, Brazil kuma ta amince da itacen turaren da aka sauya wa halitta don ya yi saurin girma a 2015.

Fofla dai itacen ƙasar sanyi ne mai son ruwa, ko an kawo shi Maigatari ba zai kai bazara ba. Amma turare fa? Ga shi nan a bakin hanyoyinmu da gandun dajinmu. Kuma fasahar da aka yi wa fofla aiki da ita ana iya juya ta kan wani itacen. Ranar da masu kuɗi za su fara neman fili mai faɗi mai arha mai rana da za a dasa irin waɗannan itatuwa, ba na shakkar cewa irin yankinmu za a duba, kuma za a zo mana ne da sunan yaƙi da hamada da samar da aikin yi, sunayen da babu mai iya cewa ba ya so.

Ina so a fahimce ni da kyau, ni ba na cikin masu cewa duk abin da aka ce GMO ne, wato an sauya masa halitta, to guba ne. Allurar insulin da masu ciwon suga suke yi, tun 1982 ake samar da ita ta hanyar ƙwayoyin da aka sauya wa halitta, kuma ta ceci rayuka ba adadi. Waken nan SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Zariya ta fitar a 2019, wanda tsutsar fure da kwanso ba ta iya cinsa, 'yan ƙasarmu ne suka jagoranci aikinsa, kuma duk wanda ya taɓa goya tankin feshi a bayansa cikin rana sau shida sau bakwai a damina ɗaya ya san darajar irin da zai rage masa wannan wahala da shaƙar guba. In itace zai ba mu magani da roba ba tare da an ƙazantar da ƙasa ba, alhamdu lillahi. Kukanmu a kan yadda ake tafiyar da abubuwa ne.

Kuka na farko, ba a yi mana magana, in ma an yi to ba da harshenmu ba. An kafa NBMA a 2015, aka gyara dokarta a 2019 ta haɗa da sababbin hanyoyin gyaran ƙwayar halitta. Tsarin ya ce in wani ya nemi izini a sanar da jama'a a ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. To a ina ake sanarwar? A jaridun Turanci da intanet. Don Allah mai ɗiban ƙaro a ƙauyen Sule Tankarkar ko mai amya a Babura yaushe zai ga wannan, balle ya karanta takardu masu ɗaruruwan shafuka da Turancin masana, ya rubuta amsa ya aika Abuja cikin sati uku? Sakamakon haka mun gan shi da idonmu lokacin da aka fitar da masarar TELA, wadda aka sauya wa halitta, a farkon 2024, kafin malamin gona ya buɗe baki saƙonnin murya sun riga sun zagaye WhatsApp, wannan ya ce tana hana haihuwa, wancan ya ce in ka shuka ta gonarka ta mutu har abada, ɗalibaina suna zuwa aji suna tambayata abin da iyayensu suka aiko su da shi, ni kuma ba ni da ko takarda ɗaya ta Hausa daga hukuma da zan ce su kai gida. Kuma ku tuna mu mutanen wannan yanki muna da tabo. Gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau a 1996 yana cikin abin da ya sa mutane suka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003, yara da yawa suka nakasa a banza. In aka bar mutane cikin duhu to jita-jita ce za ta yi musu bayani, kuma ranar da abu mai amfani ya zo ma ƙin sa za su yi.

Na biyu, kuma wannan shi ya fi tsaya min a rai. A Amurka ko Brazil gandun itatuwan masana'anta abu ne mai shinge, injin ne yake shiga ya sare ya loda a mota, ba wanda yake cin ganyen ba wanda yake jiƙa ɓawon. Mu a nan ba haka itace yake rayuwa ba. Kowane itace da ka gani akuya tana cin ganyensa, raƙumi yana miƙa wuya, Bafulatani yana hawa ya sassabo wa shanu reshe a bazara, mace tana girki da ƙirarensa tana shaƙar hayaƙin ita da goyonta, mai magani yana sassaƙar ɓawo ya jiƙa wa mai basir ko shawara, tsoho yana karyar asuwaki, yara suna tsotsar 'ya'yan, zuma tana kwasar furen ta kai amya. Ganyen turaren nan ma ai shi ake tafasawa a yi sirace in mura ta kama mutum. To in aka kawo itacen da aka gyara shi musamman don ya tara wani sinadarin masana'anta a jikinsa, waye ya gwada abin da zai yi wa akuyar da ta ci ganyen wata shida, da nonon da za a tatsa a ba yaro? Gwajin da aka yi a ƙasar da ba a cin itace ba zai amsa wannan tambayar ba, don su ba su ma da dalilin yin ta. Shinge kuma kun san ba ya tare akuya a ƙasar nan, balle mai neman itacen girki.

Sannan itace ba wake ba ne da za ka shuka ka girbe cikin wata uku in bai yi maka ba ka canja. Shekaru yake yi a tsaye, ƙurar furensa iska da ƙudan zuma suna kai ta nesa. Ko a Brazil masu zuma suna cikin waɗanda suka fi nuna damuwa lokacin da aka amince da turaren can, don suna tsoron masu sayen zumarsu a waje su ƙi ta. Akwai kuma maganar tauri, masanan da kansu sun sha ganin cewa in an rage liginin da yawa itacen yakan tsumbure ko ya yi rauni. Mu kuwa muna da gara, muna da iskar farkon damina da ke kwashe rufin kwano. Itacen da bai jure waɗannan biyun ba asara ce kawai za a dasa mana.

Na uku ruwa da fili. Gonar mahaifina tana jikin wani shingen turare da aka dasa don tare iska tun muna yara, kuma gaskiya ya tare iskar, rairayi ya daina binne shuka. Amma kunyoyin da ke kusa da shingen kullum geronsu a tsamure yake, saiwar turaren ta shigo ta shanye danshin. Daga baya na karanta cewa masu bincike sun ga irin wannan a shingayen Yambawa da ke wajen Dambatta, har suka nuna in an haƙa rami an datse saiwoyin gero yana farfaɗowa. Ba wanda ya taɓa zuwa ya gaya wa manoman wajenmu wannan dabara mai sauƙi. To wancan turaren gargajiya ne a layi 'yan kaɗan, ina ga dubban hekta na wanda aka gyara don ya yi saurin girma, a yankin da ruwan sama 'yan watanni ne, rijiyoyi kuma kullum sai ƙara musu igiya ake?

Filin kuma daga ina zai fito? Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, diyya kuma a kan amfanin gona da gini ake biya, gonar da mutum ya gada kaka da kakanni sai a ba shi abin da ba zai kai shi shekara ba. Abin da ake kira daji ko fili mara amfani a takarda, shi ne makiyaya, shi ne inda mata ke tsintar abin da za su kai kasuwa. In an killace shi shanu gona za su faɗa, kuma kun fi ni sanin abin da ke biyo baya. Mun kuma ga yayin bini da zugu, lokacin da aka ce shi ne zai maye gurbin man dizal. Wasu mutane suka zo garinmu da motoci da alƙawari, kawuna ya ware rabin gonarsa ya dasa, da 'ya'yan suka nuna babu mai saye, lambar wayar da suka bari ma ta daina shiga, ƙarshe tumɓuke shi ya yi bayan ya rasa geron damina biyu. Itacen da masana'anta ɗaya tak ce ke iya sayensa, in masana'antar ta fasa manomi ba shi da inda zai kai, ba ya ciyuwa ba ya sayuwa a kasuwar ƙauye.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ciwo, don shi ba maganar gobe ba ce, yau ake cikinsa. Abin da Turawa suke kashe maƙudan kuɗi su koya wa fofla, wato itace ya riƙa ba da sinadarin masana'anta, itatuwanmu sun daɗe suna yi ba tare da kowa ya taɓa musu ƙwayar halitta ba, mu ne muka yi watsi da su.

Ɗauki dakwara. Ƙaron da take zubarwa yana cikin lemon kwalba da alewa da ƙwayoyin magani da tawada a duk duniya, in ka ga an rubuta E414 a jikin kaya to shi ne. Tana jure fari, tana gyara ƙasa, akuya tana cin ganyenta. Sudan ce ke ba duniya fiye da rabin ƙaron da ake amfani da shi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke can a watan Afrilun 2023 masu saye suke neman wasu hanyoyin. A zamanin Gwamna Saminu Turaki an yi ta shelar shirin ƙaro a jihar nan, an raba dashe, an yi maganar sarrafa shi a Maigatari. Amma mu a ƙauye har yau ƙaronmu ɗanye yake fita a buhu, haɗe da ɓawo da yashi, dillali ya sa farashin da ya ga dama don mai ɗiba bai san daraja ta ɗaya da ta biyu ba a sikelin 'yan waje, a kai shi Faransa a narkar a tace a busar ya zama gari, a sayar da shi ninkin ba ninkin, har kamfanonin lemo na ƙasar nan su sayo shi da dala. Gonakin dakwara da yawa da aka dasa wancan lokacin an sare su an yi gawayi, don mai gonar bai ga abin da suke kawo masa ba, kuma wallahi ba na ganin laifinsa.

Ga bagaruwa, wadda majemanmu suke jima da ita tun kafin zuwan Bature, fatar da ta yi suna har ƙetaren sahara. Yau manyan masana'antun fata na Kano a Sharaɗa da Challawa da Bompai da sinadarin kurom suke aiki, ruwan da ke fita daga cikinsu kowa ya san abin da yake yi wa kogi da masu noman rani. Alhali Afirka ta Kudu da Brazil suna tatso garin jima daga ɓawon wani itace ɗan uwan bagaruwa suna sayar wa duniya. Mu tamu tana zuba a ƙasa, mata su tsinta su sayar da kwano a kuɗin da bai kai na sabulu ba.

Ga darbejiya, ba garin da babu ita. Indiya tana matse man 'ya'yanta tana fitar da maganin ƙwari tana sayarwa a waje, kuma tun 2015 ta wajabta a riƙa shafe takin yuriya da man darbejiya don kar ya yi saurin narkewa ya bi iska. Mu da muke kukan tsadar taki da maganin feshi, 'ya'yan darbejiya share su muke yi mu ƙone. Aduwa ma haka, man da ke cikin ƙwallonta mai kyau ne amma da dutse mata ke fasa ta ɗaya bayan ɗaya.

Kuma duk wannan yana faruwa ne motocin gawayi suna fita dare da rana, gawo da marke da ƙirya suna ƙarewa. Gawon nan da yake zubar da ganye da damina ya ba gero taki da haske, ya yi ganye da rani ya ba dabba abinci. Tsallaken iyaka kaɗan, a jihohin Damagaram da Maraɗi, manoma sun dawo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980 ta hanyar renon tsiron da ke fitowa daga kututture kawai, abin da ya taimaka musu kuwa shi ne an sakar wa manomi ikon itacen da ya rena a gonarsa. Muna da shirin Babbar Katangar Itatuwa da aka kafa wa hukuma a 2015, muna da shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 na jihohin arewa 19 da Abuja. Ana dasawa, ba mu ce ba a yi ba. Amma dashen da ba a haɗa shi da kasuwa ba, ba mai shayar da shi a bazara.

Na ƙarshe a koke-koken, maganar mallaka. Ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya taɓa ba wani kamfanin Amurka da ma'aikatar noman ƙasar takardar mallaka a kan maganin fumfuna daga darbejiya, sai da mutanen Indiya suka yi shekaru suna shari'a kafin a soke ta a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. In gobe wani ya ɗebi irin dakwarar Jigawa ya gyara ya yi rajista, jikokinmu saya za su riƙa yi a hannunsa.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Hukumar NBMA, duk wata takardar neman izini da ta shafi itace ko amfanin gonar da za a shuka a arewa, a fassara taƙaitaccen bayaninta da Hausa da Fulatanci, a karanta a Rediyo Jigawa da sauran tashoshin da mutane ke saurare, a kai kwafi fadar hakimai da sakatariyar ƙananan hukumomi, kuma a karɓi ra'ayin mutane da baki a taron gari, don wanda bai iya rubutu ba shi ma yana da abin faɗa. Kwana 21 ya yi kaɗan ga itacen da zai shekara 20 a tsaye. A sa malaman addini a zaman tun daga farko, mutane za su tambaye su hukuncin abin ko an so ko ba a so, gara su ji bayani daga bakin masana. Kuma tun kafin kowa ya nemi izini, a fitar da ƙa'ida ta musamman ta itatuwa, wadda za ta wajabta gwaji a kan dabbar da ta ci ganye, da nono, da zuma, da hayaƙin girki, da jiƙon sassaƙe, da yawan ruwan da itacen ke sha, a yi gwajin a ƙasarmu da yanayinmu, a killataccen wuri, kuma a sare kafin ya yi fure har sai an tabbatar.

Majalisar jiha, muna roƙon doka da za ta hana ba da gandun daji ko makiyaya ko burtali ko gonakin gado ga kowane kamfanin dashen itatuwan masana'anta sai da yardar mutanen wurin a rubuce a gaban hakimi. In za a yi, a yi haya ta shekaru ƙayyadaddu ƙasa tana hannun masu ita, kamfani ya ajiye kuɗin jingina da za a biya manoma in ya gudu, kuma masana'antar ta tsaya da ƙafarta kafin a ce wa kowa ya dasa.

Mai girma Gwamna, kai kuma babban roƙonmu gare ka shi ne a fara da abin da ke hannu. A samar da wurin tankaɗe da tace ƙaro da mayar da shi gari a cikin jihar nan, a koya wa masu ɗiba yadda ake tsaga da rarrabe daraja, a riƙa faɗin farashi a rediyo duk ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari. A ba ƙungiyoyin mata injinan fasa aduwa da matse man darbejiya da niƙa bagaruwa, a haɗa su da masu saye. Don Allah kar a fara da hana fitar da ɗanyen kaya kafin injin ya samu, mun ji yadda farashin ƙwallon kaɗanya ya faɗi a hannun mata masu tsinta bayan hanin wata shida da gwamnatin tarayya ta sa a watan Agustan 2025.

A kuma ware kuɗin bincike na gaske a ba Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, su haɗa kai da cibiyar noman tsandauri ta BUK da cibiyar binciken sinadarai ta NARICT da ke Zariya da tashar binciken ƙaro ta Gashuwa da ta dabino da ke Dutse. Su tattara irin dakwara da bagaruwa da gawo daga kowane yanki su adana su yi musu rajista da sunan jihar nan, su zaɓo waɗanda suka fi ba da ƙaro, su duba ko sinadarin nan na farasitamol da ake samu a dangin kwakwa yana cikin dabino da goruba da giginyarmu. In ma wata rana za a gyara ƙwayar halittar dakwara, muna so a ce 'ya'yanmu ne a ɗakin gwajin kuma irin namu ne. Ina da ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa da za su iya, a tura wasunsu karatun wannan fanni kamar yadda ake tura masu karatun likita.

A sake ɗaukar malaman daji da malaman gona, waɗanda ake da su sun yi kaɗan kuma da yawa sun kusa ritaya, a kuma bayyana a doka cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne.

Muna roƙon a turo wakilai daga ma'aikatun biyu da NBMA su zauna da mu a Gumel ko Maigatari a cikin wannan rani, lokacin ɗiban ƙaro, masu ɗiba da mata da makiyaya duk za su zo in an sanar ta hannun hakimai da rediyo sati biyu kafin ranar.

Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Malamin kimiyyar noma kuma manomi, a madadin masu cin abinci a jikin itace na arewacin masarautar Gumel, Jihar Jigawa.